Jimlolin da Haruna ya ƙi ƙarasawa

Damina ce, wadda ta zo bayan soja sun miƙa mulki. Ruwan Agege ba ya sallama. Da rana tsaka sai ka ji ya sauko a kan kwano, kwata ta cika ta tumbatsa, masu goro su yi ta jan huhu zuwa cikin rumfa. Amma a shekarar nan ko ruwan bai hana mutane tsayawa hira a bakin titi ba. Kowa da abin da ya ji: za a buɗe ɗaukar ma'aikata, za a ɗebi matasa aikin ɗamara, kuma wai wannan karon ba sai kana da wani a sama ba, jarrabawa za a yi. Wasu suka yarda, wasu suka ce mu gani a ƙasa. Ni dai abin da na gani da idona shi ne bencina ya cika, har sai da na aro wani a wurin mai shayin layinmu.

Ku yaran yanzu da kuke zuwa wurina kuna cewa, "Inna, wannan ai canki-canka ne, ko ido rufe mutum zai dace," ku nake so ku karanta wannan. Sana'ata koyar da abu guda ce tak: cike gurbi a jarrabawar Turanci. Za a ba ka jimla an cire mata kalma, a jera maka kalmomi huɗu a ƙasa, ka zaɓi wadda ta dace ka baƙanta da fensir. Ban san lissafi ba, ban san rubuta doguwar wasiƙa da Turanci ba. Wannan ɗin kaɗai na sani, kuma na daɗe ina koyonsa.

Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na yaye Sadiya, 'yata ta uku, maigidana ya bar ni na shiga ajin yaƙi da jahilci. Malamarmu wata dattijuwa ce Bayarabiya, tsohuwar shugabar makaranta, kowa na kiranta Mama Tisa. A Zariya ta girma, ubanta ma'aikacin jirgin ƙasa ne, saboda haka Hausarta ta fi ta wasu 'ya'yanmu da aka haifa a nan. Da yamma tana da lesin na masu shirin jarrabawa. Da muka gama ajin manya ta ce in riƙa zuwa ina taya ta duba takardu, ita kuma ta ci gaba da ƙara mini Turanci.

Aikin farko da ta ba ni shi ne riƙe kwalin huji. Kwali ne daidai girman takardar amsa, an huda shi da ƙusa mai zafi a duk inda amsar daidai take. Ka ɗora shi a kan takardar ɗalibi, inda ka ga baƙi ya leƙo ta huji ya ci, inda ka ga fari ya faɗi. Na ce a raina wannan ai ko Sadiya za ta iya. Na daɗe ba na yin komai sai shi. Amma Mama Tisa tana da doka: duk tambayar da mutane da yawa suka faɗi, in kai mata. Ba ta taɓa tambayata mece ce amsar ba. Cewa take yi, "To, Maman Sadiya, me ya kai su can?" In na ce ban sani ba, sai ta ce, "Je ki tambaye su. Amsar daidai ɗaya ce, kwali ma ya san ta. Kuskure kuwa kowa da hanyar da ya bi ya isa gare shi. Wannan hanyar ita ce aikinmu."

Da ƙafa ta gaza mata, 'ya'yanta suka zo suka tafi da ita garinsu, ta bar mini allo da ƙamus marar bango da kwalayen huji cike da leda. Maigidana ya ba ni barandar da ke gaban ɗakin da yake ajiye goro, da sharaɗin daga la'asar zuwa magariba, a fili, inda mai wucewa zai gani.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne yana son kulawa. Allo in ya koɗe, gawayin tsohon batir ake dakawa a shafe shi, a bar shi ya sha iska. Fensir mai laushi ake so, wanda zai yi baƙi ba tare da an danna ba, a fiƙe shi da reza kai biyu don in ɗaya ya karye a juya. Tsofaffin tambayoyi kuwa Iyana Ipaja nake zuwa saye wurin masu shimfiɗa littattafai a ƙasa, kuma ba na yarda da amsoshin da aka buga a bayansu sai na zauna da ƙamus na bi su ɗaya bayan ɗaya, domin mai bugawa ma mutum ne, yakan yi gyangyaɗi. Sai kuma abin da ɗalibai suka fi rainawa, wani siririn kwali da nake yankowa daga kwalin sukari. Da shi ake rufe kalmomi huɗun nan kafin a karanta jimla.

Ga yadda ake yi. Ka rufe zaɓin. Ka karanta jimlar har ƙarshe, ba har gurbin ba. Ka sa taka kalmar a gurbin, ko da Hausa ce. Sannan ka buɗe, ka nemi wadda ta yi kama da taka. Wanda ya fara da kallon kalmomi huɗu kamar mace ce ta shiga kasuwa ba ta san me za ta dafa ba, duk mai tallan da ya fi murya shi zai sayar mata. Kuma a kusan kowace jimla akwai wata 'yar kalma da nake kira kwandasta, irin su "amma" da "duk da cewa" da "saboda haka". Ita ke faɗin inda motar za ta. A Legas wanda bai saurari kwandastan danfo ba, wato ƙaramar bas ta haya, yana nufin Agege sai ya tsinci kansa a Oshodi.

Masu zuwa wurina iri biyu ne. Akwai haihuwar Legas, kunnensu cike da Turancin titi, suna da sauri, ba sa karantawa har ƙarshe. Shugabansu a shekarar nan wani ɗan okada ne, mai haya da babur, Sabi'u, wanda bakinsa ba ya hutawa. Akwai kuma 'yan ci-rani, masu dako da masu tsaron kaya a kasuwar Mile 12, waɗanda suka gama sakandare a ƙauye, suka naɗe takardar shaida a leda suka sa ƙarƙashin tabarma. Su sun san kalmomi, amma sai an yi haƙuri da su.

A cikin waɗannan na biyun Haruna ya zo. Wani ɗalibina mai suna Ado ne ya kawo shi, garinsu ɗaya can wajen Gumel, ɗakinsu ɗaya, kuma albasa suke sauke wa mutum ɗaya. Ranar da ya fara zuwa na lura in aka yi masa magana daga gefe ba ya juya wuya, duk jikinsa yake juyawa. Ado ne ya yi mini bayani. Buhu ya taɓa masa ƙashin wuya, an duba shi a babban asibitin Idi-Araba, an ce in ya daina dako zai warke sarai, in ya ci gaba wata rana hannuwan za su daina jin maganarsa. Yana da mata da 'ya'ya biyu a gida. Kuma aikin ɗamarar da ake shirin ɗauka yana da iyakar shekaru, Haruna yana bakin iyakar. In bai ci wannan ba, babu ta gaba. Ko ya koma ƙarƙashin buhu, ko ya koma gida hannu rabbana.

Gwajin farko da na yi masa, da na ɗora kwali sai na ga abin da ban saba gani ba. Manyan kalmomin da ke kayar da su Sabi'u duk ya ci su. Waɗanda ya faɗi kuwa masu sauƙi ne, irin waɗanda nake bayarwa don a huce. Na kira shi gaban allo.

Jimlar, in na juya ta da Hausa, cewa take: duk da cewa mahaifinsa ya sayar da gona ya sa shi a makaranta, da ya girma sai ya ... shi. A ƙasa akwai girmamawa, da taimako, da godiya, da yin watsi. Haruna ya baƙanta girmamawa.

Na ce, "Malam Haruna, ka san ma'anar ta ƙarshen nan?"

Ya ce, "Na sani, Inna. Ya yasar da shi ke nan."

"Ka ga kwandastan? An ce duk da cewa."

"Na gan shi."

"To me ya hana ka?"

Ya ce, "Inna, mutumin da ya sayar da gona saboda kai?"

"Ba kai ba ne, Haruna. Wani ne a cikin takarda."

"Ko a takarda ne, ai da hannuna zan sa."

Sabi'u ya fashe da dariya daga bayan benci. "Haba Oga Haruna, wetin concern you? Ina ruwanka? Ɗan takarda ne fa! Bar shi ya yasar da ubansa, kai ka ci makinka!"

Ado ya ce, "Kai da ka yasar da naka tun kana goye, ina za ka gane?"

"Ubana yana Ajegunle yana cin tuwo, je ka tambaye shi!"

Na bari suka gama, na nuna wa Haruna ta biyu. An yi wa motar lodi fiye da kima, ga birki ba shi da kyau, saboda haka a kan gangara ta ... Ya zaɓi isa lafiya.

Ya ce, "Ƙanena yaron mota ne a hanyar nan, Inna. Ba a yi wa matafiyi mugun baki."

A daren farko na ɗauka taurin kai ne. Da na bi sawun kuskuren kamar yadda Mama Tisa ta koya mini, sai na ga ba daga kansa ya fito ba, daga gidanmu duka ya fito. Mu mutane ne da ko mara lafiya yana gargara, in ka tambaya za a ce maka da sauƙi. Ba ma faɗin mummunan ƙarshe sai mun rigaye shi da "ba fata ba". Tun muna yara ake buge mana baki a kan wannan. Masu tsara jarrabawa kuwa ba su san "da sauƙi" ba. A wurinsu motar da ba ta da birki faɗuwa take yi, kuma suna so ka faɗa da bakinka, cikin sauri. Yawancin 'yan ci-ranin suna da ɗan ɓurɓushin wannan ciwon, in an nuna musu sau biyu su bari. Na Haruna ya yi jijiya.

Na gwada bayani. Maigidana ma ya sa baki wata rana yana ɗaure huhu, ya ce ai malamai sun ce mai ba da labarin saɓo ba shi ne mai saɓon ba. Haruna ya ce haka ne, Alhaji, gaskiya ne. Washegari hannunsa ya koma inda ya saba. Daga nan na ce masa to ga dabara: in ka ga jimla za ta ƙare da sharri, ka ce "Allah ya kiyaye" a zuciyarka, sannan ka baƙanta. Wannan ta ɗan yi aiki. Sai dai Haruna ba ya tsayawa a "Allah ya kiyaye". Sai ya yi wa direban addu'a, ya yi wa fasinja, ya yi wa iyalansu. Sabi'u ya ce, "Kafin Oga ya gama yi wa mutanen takarda alƙunutu, an karɓe takardar an kai Abuja." Gaskiya ya faɗa. Jarrabawar nan da agogo ake yin ta.

Muna cikin wannan damina ta wuce. Gab da azumi aka yi rikici a kasuwar Mile 12. Ba zan ba da labarinsa ba, domin ban gani da idona ba, kuma waɗanda suka gani ba sa son faɗa. Abin da na gani shi ne Agege ta cika da mutane ɗauke da ƙunshi, wasu ba takalmi, suna neman motar arewa ko da ta shanu ce. A mako guda ajina ya watse. Na mayar wa mai shayi bencinsa. Na koma dama koko da safe don kada hannu ya zauna. Da la'asar nakan fito da allo duk da haka, wata rana mutum biyu su zo, wata rana Sabi'u kaɗai, shi ma ba ya surutu kamar da. A sana'ar nan ita ce shekarar da ta fi kowace muni, domin kaya in sun ƙi sayuwa sai ka ajiye, amma ɗalibi in ya tafi ba ka san ko yana raye ba.

Haruna bai zo ba duk azumin. Sai bayan salla na ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin baranda, rigar ta yi masa yawa.

Na ce, "Sannu da zuwa, Malam Haruna. Ina Ado?"

Ya ce, "Mun duba asibiti. Mun duba inda ake ajiye mutane. Mun aika gida, bai je ba." Ya zauna a benci. "Inna, ba ni takarda."

Na ba shi. Ya riga Sabi'u gamawa, abin da bai taɓa faruwa ba. Da na ɗora kwali, duk jimlolin da a da yake kauce wa sun yi baƙi ƙirin ta cikin huji. Motar ta faɗi, ɗan ya yi watsi da uba, ɓarawo ya tsere da kaya. Sabi'u ya leƙo ya ce, "Oga don wake!" wato Oga ya farka. Amma da na haɗa makin sai na ga bai ƙaru ba. Ɗaya gefen ne ya zube.

Na nuna masa guda. Duk da cewa likitoci sun fid da rai, mara lafiyan ya ... Haruna ya baƙanta mutuwa.

Na ce, "Haruna, an ce duk da cewa. Motar ta juya."

Ya ce, "Inna, in likita ya fid da rai mutuwa ake yi."

Bai ce Allah ya kiyaye ba. Bai ɗaga murya ba. Kamar mai faɗin farashin albasa.

Ina so ku gane wannan, ku masu cewa canki-canka. Ciwo ɗaya ne, ya juya kwanciya kawai. A da yana amsa abin da yake fata, yanzu yana amsa abin da ya gani, kuma a duka biyun bai saurari jimlar ba. Na biyun ya fi wuyar magani. Mai ciwon farko ya san yana kau da kai. Mai na biyu gani yake yanzu ne idonsa ya buɗe, kai ne ba ka san duniya ba. Ba za ka ce masa ƙarya yake ba, domin abin da ya gani ya gani. Ga shi kuma an sanar da ranar jarrabawa, saura 'yan makonni.

Aikin da na yi a kan wannan shi ne wanda har yau nake yi wa duk wanda ya zo da irin ciwon. Na ɗauki tsohon littafin tambayoyi da reza, na yanke jimlolin ɗaya-ɗaya, na zubar da zaɓin ƙasa gaba ɗaya. Na zuba 'yan yankakkun takardun a faifai na cakuɗa. Da Haruna ya zo na ajiye faifan a gabansa.

Na ce, "Malam Haruna, in mota ta kwana a hanya ta iso da albasa, yaya kuke yi?"

Ya dube ni kamar na yi ɓatan kai. "Zazzagewa ake yi a ƙasa, a tsince."

"Yaya ake sanin mai kyau?"

"Wuyanta ake taɓawa. In ya yi laushi ta tafi, ko da jikinta yana ƙyalli."

"Ka taɓa ganin buhun da duk ya ruɓe?"

Ya ce, "Na gani."

"Kullum?"

"Ba kullum ba."

"Wanda babu ruɓaɓɓiya ko ɗaya fa?"

"Wannan sai a bakin dillali."

Sabi'u ya yi dariya, Haruna ma gefen bakinsa ya motsa. Na ce to ga buhu nan. Ka raba mini shi biyu, masu ƙarewa da alheri a dama, masu ƙarewa da sharri a hagu. Sharaɗi ɗaya: kafin ka ajiye kowace, ka ɗora yatsa a kan kalmar da ta gaya maka. In ba ka iya nuna ta ba, takardar ta koma faifai.

Ranar farko tarin hagu ya yi tsiri, na dama kamar an share. Ban yi masa gardama ba. Na riƙa ɗaukowa daga hagun ɗaya-ɗaya ina cewa, "Nuna mini." In ya nuna, in ce madalla, wannan kam ta ruɓe. In yatsansa ya yi ta yawo bai sauka ba, in mayar da ita faifai. Ya yi fushi sau ɗaya, ya ce, "Inna, wasan yara kike sa ni." Na ce, "E, ni ma da shi aka fara mini." Magariba ta yi faifan bai ƙare ba.

Haka muka yi ta yi kullum. Wani mai albasa ya ji tausayin wuyansa ya ba shi aikin tsinta a zaune, saboda haka da safe ya tsinci ta kasuwa, da la'asar ya zo ya tsinci tawa. A hankali yatsan ya fara riga zuciyar. Tarin dama ya fara tashi. Ban taɓa ce masa duniya tana da daɗi ba, ba aikina ba ne, kuma ba zai karɓa ba. Abin da nake ce masa kawai shi ne, "Me aka rubuta?"

Ana saura kwana kaɗan ya ɗauko wata daga faifai ya riƙe, ya ƙi ajiyewa. Na miƙa wuya na karanta. Cewa take: duk da cewa an daɗe ba a ji labarinsa ba, daga ƙarshe ya ... Da na lura da ita lokacin yanka da na cire ta. Sabi'u ya buɗe baki, na dube shi, ya rufe. Ana ta hayaniyar masu goro a bayanmu, wani yana ciniki da Yarabanci. Haruna ya ɗora yatsa a kan kalmar farko, ya daɗe a kai. Sannan ya ajiye takardar a dama.

Ya ce, "Takarda ce ta faɗa. Ba ni ba."

Na ce, "Aikin ke nan duka."

Ranar jarrabawa ban raka kowa ba, ba na rakiya. Na fiƙe musu fensir kai biyu, na ce su ci abinci kafin su shiga, kada su tsaya a kan tambaya ɗaya kamar an ɗaure su. Da la'asar suka dawo. Sabi'u ya ce ruwa ce, ya gama tun ana rabin lokaci har ya yi barci. Haruna ya ce shi dai ya kai ƙarshe kafin a ce a ajiye fensir, bai san sauran ba.

Sakamako ya daɗe. Har wata daminar ta kama, mutane suka fara cewa an cinye guraben a sama. Ajina ya ɗan farfaɗo, amma bai kai rabin na da ba. Wata Alhamis ina goge allo sai ga su tare a kan okadar Sabi'u. Sabi'u ne ya fara sauka.

Ya ce, "Inna, ni dai na faɗi. Kada ki ce komai, na sani, ban karanta har ƙarshe ba. Amma ga ofisa na kawo miki, kyauta, ban karɓi ko sisi ba."

Haruna ya durƙusa a bakin baranda ya gaishe ni kamar yadda ake gaida uwa. Ya ce sunansa ya fito, an duba lafiyarsa an ce wuyan ya warke, jibi za su tafi horo can arewa, kuma zai biya ta gida ya ga yara. Maigidana ya fito ya yi masa addu'a, ya cika masa aljihu da goro. Sabi'u ya ce in Haruna ya kama shi a hanya ba takardun babur, ya tuna wa ya kai shi duba sakamako. Haruna ya ce zai karanta takardun har ƙarshe.

Da za su tafi ya dawo shi kaɗai, ya rage murya.

"Inna, ɗakinmu na can an ba wasu. In Ado ya zo nemana, ba zai same ni a kasuwa ba. Nan zai zo. Ki gaya masa inda na tafi."

Ban ce masa zai zo ba, ban ce ba zai zo ba. Na ce, "In ya zo zan gaya masa."

Ya ce, "Shi ke nan," ya hau babur.

Washegari da safe ban dama koko ba. Na yafa gyale na hau danfo zuwa Mile 12, karo na farko tun rikicin. Na tambayi layin 'yan albasa, aka nuna mini. Na bi rumfa-rumfa ina gaisuwa, ina gaya wa kowane mai rumfa cewa Haruna na wajen Gumel ya samu aiki, duk wanda ya zo cigiyarsa a turo shi Agege, layin masu goro, gidan da ake ajiye allo a baranda. A rumfar ƙarshe wani mai dako ya sauke buhu yana haki, ya tsaya yana saurare. Na tambaye shi ko ya yi makaranta. Ya ce ya gama sakandare, amma Turancin duk ya zube. Na ce bai zube ba, ya zo bayan la'asar, kuma ya taho da fensir.